Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Dokokin Gasar Robot Ta Ɗalibai: Ku Sa Wa Tsaro Iyaka, Kada Ku Haramta Shi

Zuwa ga shugaba da mambobin kwamiti,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki, sannu da ɗawainiya. Mun san yawancinku aikin sa kai kuke yi. Ku ne kuke riga kowa zuwa ku shimfiɗa fili, ku wuni a tsaye kuna ƙirga maki ana ihu a kanku, sannan ku ne na ƙarshen tafiya. Ba mu manta da wannan ba, don haka duk abin da za ku karanta a nan kada ku ɗauke shi raini.

Ina magana ne da yawun malamai da masu horarwa na ƙananan ƙungiyoyi, irin waɗanda ɗalibansu ke harhaɗa robot a aji bayan an tashi, an ture bencina gefe, da injuna da ƙarafan da aka kwance daga na bara. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwarku ta kwanan nan. Kun ce daga kakar da ke tafe, duk robot ɗin da ya taɓa na abokin hamayya da nufin hana shi cin maki ya yi laifi, za a ba ɗaya ɓangaren maki masu yawa, alƙalin wasa ne kaɗai zai tantance nufin, kuma babu ɗaukaka ƙara. A cikin sanarwar kun bar tsarin raba gardama a teburi yadda yake, wato idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki, wadda ta fi tazarar maki ce ke sama.

Mun san abin da ya haifar da hakan. A wasan kusa da na ƙarshe na kakar da ta wuce, wani robot ya shiga ƙarƙashin wani, ya ɗaga shi ya kifar, wayoyi suka tsinke, yaran da suka kwashe watanni suna gininsa suka tsaya cirko-cirko suna kallo. Muna wurin, mun gani da idonmu, kuma babu ɗayanmu da ya ce daidai ne. Sai dai kifar da robot da gangan laifi ne tun a tsohuwar dokarku. Hukunci aka rasa ranar, doka tana nan. Abin da kuka yi yanzu kamar a ce an karya wa ɗan wasa ƙafa a filin ƙwallo ne, sai a wayi gari an hana 'yan baya tare ɗan gaba baki ɗaya.

Kokenmu na farko shi ne babba. Tsaro shi ne abin da mai ƙaramin ƙarfi yake da shi a filin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fili ya san da zagaye ake cin wasa: robot ya je ya ɗauko ƙwallo ko zobe ko akwati, ya kai inda ake sakawa, ya komo. A ɗauka misali ƙungiya mai hali, mai injin yankan ƙarfe da kyamarar da ke saita harbi da kanta, tana kammala zagaye cikin sakan 8. A minti 2 ta yi 15 ke nan. Idan ƙaramin robot ya tsaya mata a hanya ya tilasta mata kewayawa, kowane zagaye ya koma sakan 12, ta sauko zuwa 10. Ya rage mata 5 bai fasa komai ba, kuma sau da yawa hakan ya fi abin da shi kansa zai ci idan ya zauna gida yana fama da hannun da ba ya riƙe ƙwallo. Idan kuka cire wannan, kun gaya wa yaranmu tun kafin a busa usur cewa wanda ya fi kayan aiki shi ne ya ci.

Kada kuma a ɗauka tsaro aikin wanda ya gaza ne. Akwai injiniyanci a ciki. Sai ɗalibi ya zaɓa tsakanin giya mai gudu da giya mai ƙarfin turi. Sai ya san irin tayar da ke kama shimfiɗar fili, ya sauke batir da injuna can ƙasa don kada a tuntsurar da shi, ya lura da yawan wutar da injuna ke ja lokacin ture-ture don kada batir ya yi sanyi kwamfutar robot ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Wanda ya koyi waɗannan da hannunsa ya fahimci darasin ƙarfi da gogayya fiye da wanda ya haddace su a allo.

Na ga hakan kusa. A kakar da ta wuce, giyar da ke ɗaga hannun robot ɗinmu ta zubar da haƙora tun da safe, ba mu da wata. Yarinyar da ke tuƙa mana ba ta zauna kuka ba. Ta ɗauki littafi ta hau wurin 'yan kallo, ta riƙa zana hanyar da robot ɗin da ya fi kowa cin maki yake bi. Ta lura cewa bakin da yake ɗaukar ƙwallo da shi a gefe ɗaya yake, don haka kullum dama yake juyawa idan ya baro wurin lodi. Da aka haɗa mu da su, sai ta ajiye namu a gicciye daidai wannan kwanar. Ya matsa, ta matsa. Ya koma baya, ta bi shi da taku ɗaya. Ba a ji ƙarar ƙarfe ba, taɓawar da aka yi ba ta wuce ta kafaɗa a cikin cunkoso ba. An ci mu, amma da ƙyar, kuma da aka zo zaɓen ƙawance, lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓar waɗanda za su yi wasa tare da su a ɓangare ɗaya, wata babbar ƙungiya ta kira sunanmu saboda abin da ta gani. A ƙarƙashin sabuwar dokarku, abin da yarinyar nan ta yi laifi ne daga farko har ƙarshe.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce, waɗanda suka riga mu sun bi hanyar sun ga inda ta ɓulle. Gasar FIRST ta manyan robot, wadda aka fara a Amurka a 1992 da ƙungiyoyi 28 a ɗakin motsa jiki na wata makarantar sakandare, ta sha fama da ita. A 2014 an yi wasan da kowane ƙawance na robot uku ke da ƙwallo ɗaya tak a mafi yawan lokacin wasa. To wanda ba ya riƙe da ƙwallo me zai yi? Sai ya koma kan abokin hamayya. Aka yi ta karo, ana ta kiran laifi, ƙorafi ya yi yawa. A 2015 sai aka juya akalar gaba ɗaya. Aka raba fili biyu da dandamali a tsakiya, kowa ya tsaya ɓangarensa yana jera akwatuna, har aka daina lissafin wanda ya ci da wanda aka ci a wasannin share fage, aka koma matsakaicin maki. Amma an gudu ne ba a tsira ba. Gwabzawar duk ta tattare a kan 'yan gwangwanayen da ke bisa dandamalin tsakiya, waɗanda manyan ƙungiyoyi ke wawurewa cikin ƙiftawar ido da fara wasa, sauran mintunan kuma kowa na aikinsa kamar ba abokin hamayya a filin. A 2016 aka dawo da haɗuwa a fili ɗaya, kuma tun daga nan hanyar da suka fi bi ita ce a bar tsaro amma a gindaya masa sharuɗɗa.

Idan kuma abin da kuke so shi ne wasan da babu hamayya a cikinsa, akwai shi, kuma ba abin kunya ba ne. A gasar VEX IQ ta ƙananan yara, robot biyu ne ke haɗa hannu na sakan 60 su tara maki tare, makin kuma na su biyun ne. Amma can an tsara wasan haka tun daga tushe. Ku kuwa kun bar ɓangarori biyu a fili ɗaya, suna rububin kaya ɗaya, suna bin lungu ɗaya, sannan kun ce kada su taɓa juna.

Koke na biyu shi ne kalmar da kuka rataye dukan dokar a kanta, wato nufi. Ranku ya daɗe, alƙali ba ya ganin zuciya. Abin da yake gani robot biyu ne sun haɗu a ƙofar wurin lodi cikin gudu. Shin wannan ya tare wancan ne, ko hanyarsa yake bi? Shin matuƙin ya yi da gangan ne, ko robot ɗin ɗan'uwansa ne ya kare masa gani? Alƙalin safe zai ce haɗuwa ce kawai, na yamma ya ce laifi ne, kuma dukansu suna da gaskiya a wurin kansu. Wanda zai kwana a ciki shi ne ɗalibi, domin ba zai san abin da zai horu a kai ba. Kuma mu faɗi gaskiya: idan hukunci ya koma na zato, ƙungiyar da aka sani, mai kakin da ya yi kyau da malamin da kowa ke gaisarwa, ita za a fi kyautata wa zato. Ba sai alƙali ya yi son kai ba, ɗan Adam ne.

Manyan gasanni sun magance wannan da adadi, abin da ake ƙirgawa da yatsa kowa yana gani. A FIRST, shekaru da dama doka ta ce ba za ka matse robot a jikin bango ko wani abu fiye da sakan 5 ba, sai ka ja baya ƙafa 6, wato kusan mita 2, kafin ka sake. A 2025 suka rage zuwa sakan 3. Alƙali yana ƙirgawa da hannu a sarari, matuƙi yana kallonsa, ya san lokacin da zai saki. A 2019 da 2025 sun ce robot ɗaya kawai daga kowane ƙawance ke da izinin tsallakawa ɓangaren abokan hamayya a lokaci guda. Suna shata wurare da tef mai launi, kamar wurin lodi, inda ba a taɓa wanda ke ciki, kuma suna kare mai hawa ko mai rataya a sakannin ƙarshe, lokacin da ƙaramin turi kan iya jawo faɗuwa. Sun wajabta bamba mai taushi a kewayen robot, suka ce karo ya tsaya tsakanin bamba da bamba, wanda ya zura hannu cikin jikin wani ya lalata masa kaya ya yi laifi. Sun hana robot biyu haɗa baki su toshe wani babban ɓangare na wasan. Ku lura, robot ɗinsu kan haura kilo 50, amma ba su haramta tsaro ba.

A gasar VEX ta manyan ɗalibai, inda robot biyu ke karawa da biyu a fili mai ƙafa 12 kowane gefe, akwai ƙa'idar da ta dace ku duba: idan alƙali ya rasa yadda zai raba tsakanin mai kai hari, wato mai neman cin maki, da mai tsaro, mai kai hari ake ba gaskiya. Wannan ya ɗora wa mai tsaro nauyin yin hattara ba tare da an kore shi daga fili ba. Mu masu tsaron mun yarda da wannan nauyi.

Koke na uku ya shafi girman hukuncin. Makin da kuka ce za a bayar a kan taɓawa ɗaya ya fi abin da ƙungiyoyi da yawa ke ci a wasa guda. An taɓa gwada irin wannan. A wasan FIRST na 2014, babban laifi maki 50 ne, alhali ƙwallon da robot uku suka miƙa wa juna har aka jefa ta a babbar raga maki 40 take kawowa. Wato kira ɗaya daga alƙali ya fi aikin ƙawance gaba ɗaya. A 2025 kuwa ƙaramin laifi maki 2 ne, babba 6, a wasan da saka abu ɗaya a mataki mafi tsawo ke kawo 5 lokacin tuƙi. Hukuncin yana ciwo amma bai cinye wasan ba.

Abin da muke tsoro a nan ba ɓoyayye ba ne. Yara suna da wayo, kuma littafin maki suke karantawa kafin komai. Da zarar sun gano cewa a taɓa ka ya fi ka ci maki riba, za a fara farautar laifi. Za ku ga robot ya je ya gifta gaban wani da gangan ya tsaya, matuƙinsa ya ɗaga hannu yana kallon alƙali. Dokar da aka kafa don gyara hali sai ta koya wa yara yaudara. FIRST da VEX duk suna da ƙa'idar cewa ba za ka tilasta wa abokin hamayya yin laifi sannan ka ci ribarsa ba. A sanarwarku babu ko kalma ɗaya a kan haka.

Koke na huɗu shi ne teburi, kuma a ganina nan ne ainihin ciwon yake, amma nan ne ba ku taɓa ba. Idan tazarar maki ce ke raba gardama, kun umarci mai ƙarfi da ya ci gaba da jibgar mai rauni har sakan na ƙarshe, ko da wasa ya riga ya ƙare tun minti na farko. Kuma tunda makin laifi yana shiga cikin tazarar, sabuwar dokar ta ƙara wa wutar mai. Wanda ya kifar da robot a kakar da ta wuce yana kan gaba da nisa lokacin da ya yi hakan. Ku tambayi kanku me ya sa bai sassauta ba.

Tsarin lissafi yana juya halin ɗalibai fiye da duk jawabin da za a yi musu a wurin buɗe gasa, kuma akwai shaida. A 2010, FIRST ta yi tsarin da wanda ya ci wasa ke samun makinsa da ninki biyu na makin wanda ya kayar, shi kuma wanda aka kayar yana samun makin wanda ya kayar da shi. Manufar kyakkyawa ce, a hana wulaƙanta mai rauni. Amma ku yi lissafin: wanda ya ci 3 da 1 ya tashi da 5, wanda aka ci 10 da nema ya tashi da 10. Nan da nan ƙungiyoyi suka gane cewa a lallasa ka ya fi ka ci da ƙyar, aka fara ganin robot shida suna zura ƙwallo a ragar ɓangare ɗaya. Sai da aka yi gyara a tsakiyar kaka, aka ƙara maki 5 ga wanda ya yi nasara. Ba yaran ne suka lalace a shekarar ba, lissafi suka bi.

Haka kuma lissafi kan jawo alheri. A 2012 sun sa wata gada mai lilo a tsakiyar fili. Idan robot ɗinka da na abokin hamayyarka suka hau suka daidaita ta a ƙarshen wasan share fage, kowane ɓangare yana samun maki 2 a teburi, daidai da abin da nasara ke kawowa a lokacin. Sai ga abokan hamayya suna zuwa rumfar juna kafin wasa suna shawarar wa zai fara hawa. Ba wanda ya yi musu wa'azi, teburi ne ya sa magana da abokin hamayya ta zama riba.

Koke na ƙarshe ya haɗa abu biyu, rufe ƙofar tambaya da halin manya. Ba mu ce a riƙa dawo da wasa baya ana duba bidiyon wayar iyaye ba. FIRST da VEX ma ba sa karɓar bidiyo, kuma mun fahimci dalili, ba za a gama gasa ba. Amma ba su rufe bakin ɗalibi ba. A FIRST akwai wuri da aka shata a ƙasa kusa da teburin alƙalai, ɗalibi daga masu tuƙi ya je ya tsaya a ciki, babban alƙali ya zo ya saurare shi ya yi masa bayani. Malami ba shi ne mai magana a wurin ba. Yaro ya koyi kawo hujja da lambar doka cikin ladabi, ya kuma koyi karɓar amsar da ba ta yi masa daɗi ba. Idan kuka ce babu tambaya sam, tambayar ba za ta mutu ba, za ta koma bakin manya a bayan fage da kuma intanet, inda ba mai iya yi mata linzami.

Manyan nan kuwa, mu ne. A gasar da ta wuce, lokacin da muke durƙushe a kan robot ɗinmu, wani yaro daga ƙungiyar da za mu kara da ita bayan 'yan mintuna ya zo da sifana a hannu da akwatin kayan gyaransu. Ya tsuguna ya duba giyar, ya zazzage akwatin yana neman mai irin haƙoranta, bai samu ba, ya ɗaure mana hannun da ke reto don kada ya ja ƙasa, ya goge hannunsa a wando ya tafi. Da aka shiga fili bai raga mana ko kaɗan ba, haka kuma ya kamata. A ranar dai, a wani wasan, na ji babban mutum mai furfura tsaye a bayan matuƙinsa yana daka masa tsawa ya murƙushe wani robot da ya riga ya tsaya cak. Yaron hannunsa na rawa a kan abin tuƙi. Babu abin da aka yi wa mutumin. Dokarku tana da shafuka a kan abin da robot zai yi, amma ba ta da layi ɗaya a kan abin da babba zai faɗa a gefen fili.

Marigayi Woodie Flowers, farfesa a jami'ar MIT ta Amurka da ya yi aiki da Dean Kamen, wanda ya kafa FIRST, tun farkon gasar, ya rasu a 2019, shi ya kafa ƙa'idar da suke tafiya a kai: ka yi gasa iya ƙarfinka, ka kuma mutunta wanda kake karawa da shi, ka yi aikin da kakarka za ta gani ta yi alfahari. Bai ce a sassauta hamayya ba. Kuma sun ba ƙa'idar nauyi a aikace, domin lambar yabo mafi girma a FIRST ba ta wanda ya ci wasan ƙarshe ba ce, ta ƙungiyar da ta fi zama abin koyi ce. A wurinmu kuwa kyautar kyakkyawan hali ta zama ta lallashi. Ana miƙa ta a gurguje ga wanda aka fitar da wuri, mutane na naɗe kayansu. Yara sun gane hakan sarai.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku janye haramcin, ku maye gurbinsa da dokar da ake ƙirgawa. Ku faɗi sakan nawa aka yarda a matse robot, da nisan da za a ja baya, da robot nawa ke iya tsallakawa ɓangaren abokan hamayya. Ku shata wuraren da ba a taɓa kowa da tef a fili, ku kare sakannin ƙarshe. Kifarwa da gangan, da zura hannu cikin jikin wani, da bugun robot da ya riga ya mutu, waɗannan ku tsananta musu: katin gargaɗi, in an maimaita ko abin ya yi muni jan kati, kuma a zartar a ranar, a kan kowa, komai sunansa. Inda alƙali ya yi shakka, a ba mai kai hari gaskiya.

Ku rage makin laifi ya yi daidai da abin da ake ci a zagaye ɗaya ko biyu, ku kuma rubuta ƙarara cewa wanda ya jawo laifi da gangan ba zai ci ribarsa ba.

Ku sake duba teburi kafin komai. Ku cire tazarar maki daga raba gardama, ku cire makin laifi daga duk wani lissafin matsayi. Ku yi amfani da abin da ƙungiya ta yi da hannunta, kamar makin da robot ya ci a lokacin da yake sarrafa kansa, ko aikin ƙarshen wasa. Idan za ku iya saka wani aiki guda da sai abokan hamayya sun haɗa kai za a same shi, ku saka. Amma duk tsarin da kuka zaɓa, kafin ku buga shi ku ba ɗalibai 'yan kwanaki su nemi ramukan da ke ciki. Za su gano abin da ku ba ku hango ba, kuma gara su gano shi a kan takarda. Ku ƙara da doka mai hana wata ƙungiya roƙon wata ta faɗi da gangan ko ta sassauta don a gyara teburi.

Ku buɗe wurin tambaya na ɗalibai kaɗai, ku kuma riƙa rubuta lambar robot da lambar dokar da aka karya a takardar sakamako, don yaro ya san abin da zai gyara. Ku horar da alƙalai tare kafin gasa, su kalli misalai iri ɗaya su daidaita hukunci, sannan a yi taron matuƙa da safe a nuna musu da robot biyu a fili: wannan an yarda, wannan ba a yarda ba. Duk tambayar da wata ƙungiya ta yi kafin gasa, a wallafa amsarta kowa ya gani.

Ku rubuta dokar ɗa'a ta manya, mu sa hannu a kanta, kuma ku ba babban alƙali ikon fitar da duk malamin da ya karya ta, har da mai wannan rubutu. Kyautar kyakkyawan hali kuma a bar ƙungiyoyi su zaɓi wanda ya cancanta da ƙuri'arsu, a miƙa ta kafin kofin zakara, lokacin da kowa yake zaune.

A ƙarshe muna roƙon ku zauna da mu kafin ku rufe littafin dokoki, kuma a zaman a zo da ɗalibai masu tuƙi, daga manyan ƙungiyoyi da ƙanana. Mun shirya kawo robot ɗinmu a yi wasannin gwaji, rabi da dokarku rabi da wadda muka kawo, ku tsaya a gefen fili da usur ku ga wadda alƙalanku za su iya zartarwa. Muna jiran ku sa rana.

Wassalam.

Naku,
Malami mai horar da ɗalibai,
a madadin malamai da masu horarwa na ƙananan ƙungiyoyi